Mutumin da Ya Ƙi Yanke Ciyawar Bayan Sito

Ƙarfe bakwai ake buga ƙararrawar leburori a kwalejin noma. Mai Lauje kan shigo shida da kwata, a ƙafa, laujensa naɗe da tsumma a hammata. Ba ya wucewa ɗakin kayan aiki kai tsaye. Sai ya bi ta bayan siton iri, inda wani tsohon famfo ke ɗiga, ya tsuguna a bakin ciyawar da ke jikin katanga. Ya ɗaga ganye da ɗan yatsa, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya sake shi a hankali. Ya matsa taku ɗaya, ya sake tsugunawa. In ya kai ƙarshen katangar sai ya wanke hannu, ya zo ya zauna a kan kifaffen baro yana wasa lauje har sauran su iso. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ni na yi shugabancin leburorin fili a kwalejin shekara ashirin da biyu, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ba na yabon mutum don ya ji daɗi. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashina sun sani. Da na ji za a sa masu barin aiki a mujallar ma'aikata, kowa layi biyu, na ce layi biyu bai ishi wannan mutumin ba. Aka ce to in rubuta. Na rubuta.

Aikinsa yankan ciyawa. Inda inji ba ya shiga, nan ake tura shi: gefen filayen gwaji, ƙarƙashin waya, tsakanin itatuwan da aka dasa kusa da juna. Ban taɓa bin bayansa na tarar ya sare shuka ba. Malamai masu gwajin iri sukan zo su ce mini, "A ba mu Mai Lauje, kada a turo mana wani." Ba ya sauri, ba ya kuma zama. Wanda suka fara layi tare yakan wuce shi da safe, kafin rana ta take sai ya ɗaga kai ya hango Mai Lauje a gabansa.

Akwai malama mai koyar da darasin ƙwari. Ita ta fara ba shi kwalba, ta ce in ya ga tsutsa a wurin yanka ya kawo mata ɗalibai su gani. Da wani ne, ya kawo sau biyu ya manta. Shi ya kawo, ya kuma riƙa komawa ya ga abin da tsutsar za ta zama. Bayan shekara uku malamar ta daina aikensa, ta koma tana kawo masa ɗaliban har bakin ciyawa. Na ji ta da kunnena tana ce musu, "Ni a takarda na san su, shi a ganye ya san su. Ku tambaye shi, ku rubuta."

Cikin ƙwarin duka, ɗaya ne ya shiga ransa. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne, ba irin manyan nan masu ado da ke lilo a kan furanni ba. Wannan launin ƙasa gare shi, bai wuce kan babban yatsa ba, kuma ba ya tashi a hankali. Fizga yake yi, ka gan shi nan, ka ƙifta ido ya koma can. Leburori suna ce masa ɗan fizge. Yawancinmu mun tattake shi shekara da shekaru ba mu san yana nan ba.

Yadda yake rayuwa, daga bakin Mai Lauje na ji, daga baya na gani da idona. Uwar tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a bayan ganyen ciyawa, fari, ƙanƙane kamar kan allura. Bayan 'yan kwanaki tsutsa ta fito, koriya, wuya siriri, kai baƙi ya fi ƙarfin jikin. Abin da take fara ci shi ne ɓawon ƙwanta. Daga nan sai ta kama gefen ganye biyu ta ɗinke su da zaren da ke fita daga bakinta, ganyen ya naɗe kamar bututu. Ɗakinta ke nan. Tana ɓuya a ciki da rana, sai sanyi ya sauka ta leƙo ta ci ciyawa ta koma. Ko kashinta ba ta bari a ƙofa, harba shi take yi nesa don kada tururuwa su gane gidan. In ta yi ƙiba sai ta saɓa fata, ta ɗinka ɗaki mafi girma. A ƙarshe ta daina ci, ta toshe bakin bututun, ta taurare a ciki ba motsi. Wannan shi Mai Lauje ke kira kwanciya. Kwana goma ko kusa da haka, sai abin ya fito da fukafukai.

Direban tarakta, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya raɗa masa Ungozomar Tsutsa. Yakan tsayar da tarakta ya leƙo ya ce, "Ungozoma, an sauka lafiya? Mace ko namiji?"

"Mace ce," in ji Mai Lauje, ko kai ba ya ɗagawa. "Ta kuma fi ka iya tuƙi. Ba ta taɓa faɗawa kwalbati ba."

Direba ya taɓa jefa tarakta a kwalbati, kowa ya sani. Sai ya ja abarsa ya tafi yana dariya.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara goma sha tara da suka wuce, ruwa ya makara. Ciyawa ta bushe ko'ina, filayen gwaji kuma an yi musu feshin magani. Wurin da ya rage kore a kwalejin duka shi ne bayan sito, saboda famfon nan mai ɗiga. Sai shugaban kwaleji ya kira ni ya ce masu duba makarantu za su zo nan da kwana shida, yana so ya ga fili fes kamar tafin hannu. Malamar ƙwari kuwa ba ta nan, ta tafi ƙarin karatu na shekara guda.

Da safe na tsayar da mutanena, su goma sha huɗu, ina raba aiki. Na ce, "Mai Lauje, bayan sito. Yau, har ƙasa."

Ya ce, "Maigida, a ba ni kwana goma."

"Baƙi kwana shida za su zo."

"Sun shiga kwanciya ne. In aka yanka yanzu rana za ta dafa su a cikin ganyen. Babu sauransu a kwalejin nan sai wurin."

Na ce, "Su wa?"

Direba ya ce, "Naƙuda ce ta kama masu jegon ungozoma, Maigida. A yi haƙuri."

Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta ɓata mini rai, don na ɗauka ni ake yi wa. Na ce, "Na ce ka yanka."

Ya dube ni, ba tsiwa, ba ɗaga murya. "Ka tura ni ko'ina, in yi maka aikin mutum biyu. Wancan dai ba zan yanka ba."

Babu wanda ya taɓa faɗa mini haka a gaban mutane. Ban tambaye shi komai ba. Na tafi wurin akawu na ce ya rubuta cewa lebura ya ƙi umarni a bainar jama'a, na sa hannu, aka kai teburin shugaba. Hukuncin wannan laifi kora ne. Wanda aka kora kuma mako biyu ake ba shi ya bar gidan ma'aikata. Mai Lauje yana da mata da 'ya'ya biyar a ɗaki biyu na layin baya, babbar tana ajin ƙarshe a makarantar da ke cikin kwalejin. Na san duk wannan lokacin da na sa hannu. Shugaba ya ce zai duba takardar in baƙi sun tafi.

Na tura shi fili mafi nisa, can bakin garken shanu. Na ɗauki adda na tafi bayan sito da kaina. Rabin awa na gama. Na tara ciyawar wuri ɗaya a rana.

Da ya dawo hutun tsakar rana ya ga wurin, bai zo ya same ni ba. Maigadi ne ya ba ni labarin abin da ya yi. Ya ce mutumin ya cire rigarsa ya rufa wa tarin ciyawar, ya durƙusa yana zare ta ɗaya-ɗaya, yana neman naɗaɗɗen ganye. Hutunsa duka a nan ya ƙare, bai ci komai ba. Aka buga ƙararrawa ya koma bakin aiki, aka tashi ya dawo ya ci gaba har ya ga ƙasan tarin. Ganye arba'in da bakwai ya samu. Waɗanda addata ta raba biyu ya ajiye su gefe. Maigadi ya ce ya tambaye shi, "Kai da za a kora, wannan ne ya dame ka?" Ya amsa masa, "Korar sai nan da kwanaki. Waɗannan yau ne."

Washegari na shiga ɗakin kayan aiki na tarar da akwatin katako a kan teburina, an rufe bakinsa da raga, ganyayen jere a ciki a kan jiƙaƙƙen buhu. Na kira shi.

"Mene ne wannan?"

"Nan ne kaɗai rana ba ta shiga, Maigida."

"Ka san na kai takardarka?"

"Na sani. Ni ta shafa, ba su ba."

Na so in ce ya fitar da shi. Ban ce ba, ban kuma san dalili ba. Na dai tura akwatin ƙarshen tebur na ci gaba da harkata.

Kaɗan daga cikinsu ba su kai ga kwanciya ba, suna bukatar ɗanyar ciyawa. Babu ita a kwaleji, ni na ƙarar da ita. Sai ya riƙa zuwa bakin rafi kafin aiki, tafiyar kusan awa guda, ya yanko irin wadda suke ci, ya naɗo ta a jiƙaƙƙen tsumma. Duk da haka bai makara ko sau ɗaya ba. Yana gaishe ni kamar kullum. Aikin da na ba shi a kwanakin nan na mugunta ne, na sani, ya kuma yi shi tsaf.

Baƙi suka zo. Suka duba ɗakin karatu, suka duba garken shanu, suka sha ruwa a ofishin shugaba, suka shiga mota. Ko kusa da bayan sito ba su je ba.

Kwana na tara da yanke ciyawar, da hantsi, ina zaune ni kaɗai ina gyara ƙotar fartanya, sai na ga ganye ɗaya yana motsi a cikin akwatin. Na matsa. Wani abu ya turo kai daga bakin bututun, ya ja jiki ya fito, jiƙe, fukafukansa a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse. Na ce a raina wannan nakasasshe ne, addata ta taɓa shi. Ya hau raga ya rataye. Ina kallo fukafukan suka riƙa miƙewa a hankali har suka daidaita. Na ajiye fartanyar.

Ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Kai babba, idanu manya baƙaƙe sun kusa cinye fuskar. Jiki kakkaura mai gashi laushi. 'Yan ƙahoni biyu sirara a ka, ƙarshen kowanne ya lanƙwasa kamar ƙugiya. Launin da nake ce wa ƙasa ashe da ruwan zinariya a ciki in haske ya taɓa shi, ga kuma ɗigo-ɗigon fari jere a fiffiken gaba. Da ya bushe sai ya zauna irin zamansu, fukafukan gaba a ɗage, na baya a shimfiɗe. Duk wannan aiki a cikin ganyen da na share da adda ban ko sunkuya ba.

Mai Lauje ya shigo ɗaukar igiya ya same ni a sunkuye. Ya leƙa ya ce, "Na fari ke nan. Namiji ne." Ya ɗauki igiyarsa ya fita. Bai ƙara ko kalma ba, kuma da ya ƙara da na samu abin kamawa.

Da yamma na bi ta layin baya, hanyar gidana ce. Na tarar da matarsa a ƙofa tana ɗaure tukwane a cikin zani, katifu an jingine su a bango. Ta gan ni ta saki igiyar, ta russuna ta gaishe ni.

"Sannu da aiki, Baba. A kawo ruwa?"

Na ce, "Ina za ku?"

"An ce gobe shugaba zai sa hannu. Gara mu shirya da kanmu, kada a zo a taya mu."

"Shi ya ce ki ɗaure?"

"Shi? Ai shi tun jiya zancensa ɗaya, wai wa zai kawo wa tsutsotsin ciyawa in mun tafi. Na ce masa ya bar wa Baba, tunda a ɗakinsa suke kwana."

Ta faɗa tana murmushi. Na sha ruwan na wuce.

Da safe na riga akawu isa ofishin shugaba. Na ce na zo karɓar takardata.

Ya ce, "Kai ka kawo ta."

"Ni na kawo."

"Ya ƙi umarni ko bai ƙi ba?"

"Ya ƙi."

"To, me ya canja?"

"Umarnin ne ba daidai ba."

Ya cire tabarau ya dube ni. Shekara goma muna aiki tare bai taɓa jin irin wannan daga bakina ba. Ya ce, "Ka san in na janye, gobe kowa zai ce maka ba zai yi ba."

Na ce, "Wanda ya san wurin aikinsa kamar yadda wannan ya san nasa, ya faɗa, zan saurara. Sauran ka bar ni da su."

Ya zaro takardar ya miƙo mini. Ya ce, "A gaban mutane aka yi, a gabansu za ka gyara. Ni ba ruwana."

Wannan ya fi mini zuwa ofishin wuya. Aka buga ƙararrawa, suka tsaya su goma sha huɗu. Na raba aiki har na zo kansa. Na ce, "Mai Lauje, takarda ta dawo. Ka ce wa iyalinka su kwance kaya. Daga yau bayan sito naka ne. Kada wanda ya sa ƙarfe a wurin sai ya tambaye ka. Har ni."

Direba ne ya fara magana, ƙasa-ƙasa: "Ungozoma ta samu asibiti." Wannan karon har ni na yi dariya, kaɗan.

Talatin da ɗaya suka fito daga akwatin nan. Ya saki wasu a bakin rafi, sauran ya jira ciyawar bayan sito ta toho ya sake su a wurin. Da malamar ƙwari ta dawo ta kawo sababbin ɗalibai, ta samu abin nuna musu. Ba ta san abin da ya faru ba sai bayan shekaru, kuma ba daga bakinsa ta ji ba. 'Ya'yansa biyar duka a ɗaki biyun nan suka girma. Babbar tana aikin jinya yanzu, ita ke duba mini gwiwa.

Kai ne, Mai Lauje, mutumin da ya ce a'a sau ɗaya a shekara talatin da huɗu, kuma a inda ya dace. Kai ne ka sa gidanka a kan abin da wasu ke takawa ba su gani ba. Ba ka yi mini rashin kunya ba, ba ka kai ni ƙara ba, ba ka kuma taɓa tuna mini ba ko da wasa. Na yi aiki da masu ƙarfi da yawa, da masu biyayya da yawa. Mai duba abu kafin ya yanke shi, kai kaɗai na gani.

Makon jiya na sa aka kai ni gidansa, don akwai maganar da ban faɗa ba ranar nan a gaban mutane. Matarsa ta gan ni ina saukowa da sanda ta ce, "Baba, shekara goma sha tara muna jiran wannan ziyara. A zauna, kada gwiwa ta canja shawara." Na zauna. Na ce masa na yi masa ba daidai ba, ya yafe mini. Ya murza hularsa, sannan ya ce ya yafe tun tuni, amma yana da roƙo ɗaya: sabon shugaban leburori yana so a gyara famfon bayan sito, in yi masa magana a bar shi yana ɗiga. Na yi maganar. An bari.

Na gode maka a madadin kwalejin da ba ta san rabin abin da ka yi mata ba, da ɗaliban da suka rubuta maganarka a takardun jarrabawa ba tare da sun ambace ka ba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da ƙafa mai lafiya.

Ku matasa da kuka karɓi lauje da inji yanzu, ku sunkuya ku duba kafin ku yanka, ba ya cin minti ɗaya. Ku kuma da kuke raba aiki da safe, in wanda ke ƙarƙashinku ya ce a dakata, ku tambaye shi dalili kafin ku nufi wurin akawu. Ni ban tambaya ba, kuma saura kwana ɗaya in fitar da mutum bakwai daga gidansu.